Ranar da Na Kai Baƙi Babban Mutum

Na fara aiki a gidan saukar baƙi a shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama. Ina da shekara ashirin da biyar, da mata, da 'ya ɗaya tana rarrafe. Gidan na wani ɗan kwangila ne da ya samu da gine-ginen gwamnati. Ya gina ɗakuna goma sha biyu a bakin hanyar Kano, bayan garin Daura kaɗan, ya sa injin wuta da firji, ya ɗauko manaja daga Kaduna. Aikina da farko shara ne da shimfiɗa da kai ruwan wanka.

A aji huɗu na tsaya a boko. Mahaifina malamin zaure ne, idonsa ya fara rauni, yana buƙatar mai biya wa ɗalibai, sai ya dawo da ni gida. Ina karanta Hausar boko sosai, amma Turancina bai wuce ƙirga da gaisuwar safe ba.

Baƙin gidan iri-iri ne. Akwai injiniyoyin hanya da ke zama wata da watanni, da malaman Indiya da ke jiran a ba su gida, da Kwarori 'yan kasuwa. Akwai kuma Turawa masu yawon buɗe ido, waɗanda ke keto hamada a mota su biyo ta Damagaram, su iso mana fuska ta ƙone, gashi ya cukurkuɗe. Waɗannan abu biyu suke tambaya: ruwan sanyi, da wanda zai kai su rijiyar Kusugu. Manaja shi kaɗai ke jin Turanci, kuma ba ya iya barin ofis. Da ya gaji, sai ya ɗauko mana malami.

Malamin mutumin Gana ne, yana koyarwa a wata makarantar sakandare. Gajere ne mai furfura a gemu, Hausarsa ta kasuwa. Yana zuwa a kan keke sau uku a mako, tsakanin la'asar da magariba, mu zauna ƙarƙashin darbejiya a bayan kicin. Mu huɗu ne: ni, da direban gidan, da mai kai abinci tebur, da magatakardan da ke zama a kanta. Allon ƙaramin katako ne da aka shafa wa baƙin fenti.

Ba kalmomi kaɗai ya koya mana ba. Ranar farko ya ce in gaishe shi kamar shi baƙo ne. Na tuɓe takalmi, na russuna, na sunkuyar da kai.

"Tashi," in ji shi. "Idan ka yi wa Bature haka, zai ɗauka roƙo ka zo yi. Ka tsaya a miƙe, ka dubi ƙwayar idonsa."

Na ce, "Malam, a wurinmu mara kunya ne ke kallon babba a ido."

"Na sani. A wurinsu kuma wanda bai kalle su ba maƙaryaci ne. Ka koyi duka biyun, ka san inda za ka yi kowanne."

Ya koya mana cewa gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar iyali da gajiya da kwanan gida. Idan mace ta miƙo hannu, a karɓa. Idan sun ce ƙarfe tara, ƙarfe tara suke nufi. Ya nuna mana cewa Bature ba ɗaya ba ne: Turancin mutumin Faransa daban, na Jamus daban, kuma da yawansu koyo suka yi kamar mu, don haka kada mu ji tsoronsu. Ba'indiye idan ya kaɗa kai gefe da gefe, yarda ya yi. Direba ya daɗe yana dariyar wannan.

Wata rana manaja ya zo ya tsaya a kanmu, hannu a aljihu, ya ce wa malamin, "Abu ɗaya nake so ka cusa musu. Kalmar a'a ba ta fita daga bakin ma'aikacin gidan nan. Baƙo hutawa ya zo yi."

Malamin bai yi musu ba. Mako biyu muka yi muna koyon hanyoyin kauce wa wannan kalma. Bari in duba. Wataƙila gobe. Ina mai ba da haƙuri. Idan ba za ka damu ba. Na haddace su kamar yadda na saba haddace karatu a zaure, ina maimaitawa a hanya, ina maimaitawa a kan tabarma, har matata ta iya wasu tana tsokanata da su.

Cikin mu huɗu ni na fi saurin ɗauka, sai aka ba ni labarin rijiyar. Malamin ya rubuta shi a shafi huɗu: macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, da baƙon da ya zo ya kashe ta, da sarauniyar garin. Bayan wata takwas aka ɗinka mini farar riga mai gajeren hannu da baƙin wando, aka saya mini takalmi sau ciki, aka raba ni da tsintsiya. Na zama mai raka baƙi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Idan na ratsa cikin gari da Turawa a bayana ina yi musu bayani, nakan lura da yadda mutane ke juyowa.

A wannan lokacin ne fari ya kama ƙasa. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke hatsi na tsaye bai yi ido ba. A cikin gari abin da ban mamaki: kuɗin mai ya fara shigowa, manyan motoci na wucewa da siminti, ma'aikata na sayen babur da rediyo. A kasuwa kuma ƙiraga ne jibge har sun fi tsayin mutum, warinsu ya cika layin mahauta, saniya ta yi arha har mahauci na ƙin ta. Mutanen arewa suna shigowa a ƙafa, da jakuna marasa kaya, su zauna a gindin bishiyoyi a bakin gari.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, 'yar makiyaya ce daga ƙasar Baure. Wanta, Kawu, yana da ruga kusa da Babban Mutum. Ina yaro na yi damina biyu a wurinsa. Garkensa idan ya taso daga rijiya, sai ka gaji da tsayuwa kafin ƙarshensa ya wuce. Dogo ne, fari, ba ya fita sai da rawani da malfa, kuma ba a taɓa sauka a rugarsa a tashi ba a sha nono an ƙoshi ba, ko da ɓatan hanya ne ya kawo mutum. Da na yi aure karsana ya aiko mini. Da farin ya tsananta, wani mai fataucin dabbobi ya gaya wa Inna cewa Kawu ya kora shanunsa kudu tun kaka. Muka yi hamdala, ba mu ƙara bincike ba.

A tsakiyar bazara wasu baƙi biyu suka sauka, namiji da mace, a motar jif mai launin ƙasa. Daga wata ƙasa mai sanyi suke, Turancinsu a hankali yake, ina jin kusan komai. Namijin yana rataye da kyamarori biyu, macen kullum da littafi da biro. Masu kirki ne. Suna gode wa mai shara, suna cin tuwo da hannu. Na kai su Kusugu, na zuba musu shafukana huɗu ba tuntuɓe. Macen ta yi tambayoyin da ba su cikin takarda, na lallaɓa na amsa. Da muka dawo ta gaya wa manaja cewa ba su sami mai bayani kamata ba tun da suka baro gaɓar teku.

Kashegari da safe ta kira ni ta ce, "Muna so mu ga inda shanu ke mutuwa. Mutanen ƙasarmu ba su san abin da ke faruwa a nan ba. Idan sun gani, za su taimaka."

Na je na gaya wa manaja, ina zaton zai hana, don ba ya son a nuna wa baƙo abin ɓacin rai. Sai ya ce, "Mako guda za su yi mana. Kai su. Ka san wani wuri?"

Na ce, "Yallaɓai, na san hanyar Babban Mutum."

Ni na zaɓi wurin. Na zaɓe shi ne don na san kowace kwana, ba zan ji kunyar ɓata ba, kuma na tabbata nawa ba sa nan.

Muka bi ta Zango muka nufi gabas. Tun kafin mu yi nisa muka fara ganin gawarwakin shanu a gefen hanya, wasu an feɗe, wasu ko feɗewa ba a yi ba, fata ta bushe a kan ƙashi. Bishiyoyin gawo duk an sassare rassansu an ba dabbobi. Namijin yana tuƙi yana tsayawa yana ɗauka. Macen tana tambayata sunayen abubuwa, ina faɗa, tana rubutawa. Wajen azahar muka wuce garin kaɗan, na nuna musu wata tsohuwar rijiya ta makiyaya da na sani.

Akwai bukkoki uku ko huɗu a wurin. A gaban ɗaya, wasu maza biyu suna ƙoƙarin ɗaga wata jar saniya da ta kasa tashi. Sun zura sanda a ƙarƙashin ƙirjinta, ɗaya nan ɗaya can, suna ɗagawa tana sulalewa. Na kusa da mu tsoho ne, ba riga, ba hula, sai wando da aka naɗe zuwa gwiwa. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga inda muke. Bature ya dire daga mota tun kafin injin ya mutu, ya durƙusa ya fara ɗauka.

Sai da tsohon ya juyo don jin ƙarar mota na gane shi. Ban taɓa ganin kan Kawu a buɗe ba sai ran nan.

Abin da ya kamata in yi sananne ne: in tuɓe takalmi tun daga nesa, in je in durƙusa. Ƙafata ta fara, sai na tuna baƙi na kallona, na tuna farar rigata. Na ƙarasa da takalmina, na ɗan ranƙwafa kamar mai ciwon baya.

"Kawu, barkanku da rana. Mun same ku lafiya?"

Ya saki sandar a hankali. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya dubi Turawan.

"Lafiya lau. Kai ne? Ina innarka? Ina malam?"

"Suna lafiya. An ce mana kun yi kudu."

"Na yi. Na dawo."

Macen ta matso ta ce, "Ka san shi?"

Na san kalmar da ake kiran kawu da ita a Turanci. Malaminmu ya koya mana ita, har muka yi mamakin yadda kalma ɗaya ke ɗaukar kawu da baffa. Amma abin da na ce mata shi ne, "E, mutumin nan yankin ne."

Ta ji daɗi, ta ce to zai saki jiki da mu. Ta buɗe littafinta.

Kawu ya ce a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Matarsa ta fito da ita, ta gan ni, ta rufe baki da gefen zane, ta koma ciki. Ɗaya mutumin, maƙwabcinsa ne, ya ja gefe ya tsuguna.

"Tambaye shi shanu nawa yake da su da," in ji macen.

Na san ba a yi wa makiyayi wannan tambaya. Duk da haka na juya ta Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

Kawu ya ce, "Kai ma ka san ba a tambayar wannan. Gaya mata."

Na ce mata, "Ya ce suna da yawa."

"Yanzu saura nawa?"

Wannan ban juya ba. Na nuna mata jar saniyar da wasu biyu da ke tsaye a inuwar bukka kai a ƙasa.

"Me ya ci yau?"

Na tambaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce mata, "Ya ce ya gode Allah." Ta dube ni tana jiran sauran. Babu saura.

Ta ce in tambaye shi yadda abin ya faru. A nan Kawu ya yi magana mai tsawo, ba ita yake kallo ba, ni yake kallo. Ya ce ya kora su kudu har ƙasar da bai taɓa takawa ba, ya tarar makiyaya sun riga shi, ciyawa ta ƙare, manoma sun tsare fadamu. Shanun da suka saba da ƙasar yashi suka kamu da ciwon can, suka fara faɗuwa. Ya ga idan mutuwa za su yi, gara su mutu a inda suka san rijiya, sai ya juyo. Ya ambaci shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayen da yake kiran su, da inda kowace ta kwanta. Ya ce jar nan jikar jikar saniyar da mahaifinsa ya ba shi ce ranar da aka yi masa kaciya, kuma uwar karsanar da ya aiko mini ce. Ya ce 'ya'yansa maza biyu sun tafi Kano neman aikin lebura tun wata uku, ba labari.

Da ya gama, macen ta ɗaga biro.

Turancin da ke bakina na ɗaki ne da tebur da rijiyar Kusugu. Ban san yadda ake cewa fadama ba, ko jika, ko gado. Wasu kuma na sani, ban so in faɗa ba. Na ce, "Ya je kudu, babu ciyawa, shanu suka yi ciwo, ya dawo."

"Shi ke nan? Ya daɗe yana magana."

"Shi ke nan."

Duk wannan lokacin namijin yana zagaye mu, yana matsowa, yana ja da baya, kyamara na ƙyas-ƙyas. Kawu ya ɗaga hannu.

"Gaya wa wannan ya dakata. Idan hotona yake so, bari in shiga in sa riga in naɗa rawani. Ba a ɗaukar mutum haka."

Na juya ga Baturen. Na nemi kalma a kaina, abin da ya zo shi ne abin da na haddace. Na ce, "Idan ba za ka damu ba, yana so ya sa tufafinsa."

Ya yi murmushi, bai cire ido daga kyamarar ba. "A'a, a'a, kada ya wahalar da kansa. Haka ya fi. Haka ne gaskiya."

Na ce, "Ina mai ba da haƙuri, wataƙila..."

"Minti ɗaya kawai."

Kawu ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ya gama."

Kyamarar ta yi ƙara sau uku bayan na rufe baki. Kawu ya dube ta, ya dube ni. Ya naɗe hannuwansa a ƙirji ya zauna, yana kallon saniyar.

Da za mu tashi ya kira matarsa ya ce ta kawo wa baƙi abin sha. Ta fito da ƙoƙo. Ruwan rijiya ne, ja-ja, ba ko ɗigon nono. Ya karɓa da hannu biyu ya miƙa wa namijin da kansa, ya ce mini, "Ka ba su haƙuri. Ka ce musu ba haka gidan nan yake ba."

Baturen ya dubi ruwan, ya dafa ƙirji, ya nuna gorarsa da ke mota. Macen ma haka. Ba don wulaƙanci ba ne, na sani, ana gargaɗinsu a kan ruwa. Ta ɗauko gwangwanayen kifi da fakitin biskit ta miƙa masa. Bai miƙa hannu ba. Ta ajiye a kan tabarma. Ni na karɓi ƙoƙon na shanye, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙorana. Saƙonsa kuwa ban isar ba.

Ya rako ni taku kaɗan, ya ce, "Ka gaida malam. Kada ka gaya wa innarka yadda ka same ni."

A hanyar dawowa macen ta yi kuka kaɗan, sannan ta ci gaba da rubutu. Ta ce ni mutum ne mai amfani ƙwarai.

Ranar darasi na riga kowa zuwa. Na gaya wa malamin abin da ya faru, ban rage komai ba. Na ce, "Malam, yaya ake cewa mutum ya bari, yadda zai bari?"

Ya ɗauki alli ya rubuta kalma ɗaya a allo, mai harafi huɗu. Na san ta. Tana rubuce a kan alamar hanya mai umartar direba ya tsaya, a mararrabar da nake wucewa kullum.

Ya ce, "Ita ke nan. Ka faɗe ta da ƙarfi, kada ka haɗa ta da komai." Ya goge hannunsa a wando. "Da na koya muku ita tun farko. An ce in koya muku karɓar baƙi, ni kuma na tsaya a nan."

Na ce, "Ko da kun koya mini, ban san ko zan faɗa ba."

Sauran suka iso, muka shiga darasin yadda ake bayyana wa baƙo abincin rana.

Inna ban gaya mata ba, amma na gaya wa mahaifina. Ya sa aka auno gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu, na nemi izinin kwana ɗaya, na hau motar kasuwa. Kwana tara ke nan da zuwanmu. Na tarar bukkar Kawu a buɗe, ba kowa. Maƙwabcin ya ce jar saniyar ta mutu kwana biyu bayan tafiyarmu, ya sayar da sauran biyun, ya kai matarsa gidan 'yan'uwanta, ya bi 'ya'yansa Kano. Na bar wa maƙwabcin geron.

Bayan damina wani babban ambulan ya zo gidan saukar baƙi da sunana a kai. Mujalla ce mai sheƙi, da 'yar takardar godiya. A tsakiya, shafi guda cur, ga Kawu a zaune, hannuwa a ƙirji, kai a buɗe, saniyar a bayansa. A gefen hoton ana ganin baƙin wando da takalmi sau ciki. Akwai rubutu a ƙasa, amma ba Turanci ba ne, harshen ƙasarsu ne. Na kai wa malamin, ya juya shi, ya ce shi ma bai iya ba. Har yau ban san abin da suka ce a kansa ba. Ko taimakon da ta ambata ya zo, ban sani ba. An raba hatsin agaji a wasu garuruwa, ba wanda ya gaya mana daga ina yake.

Na sa mujallar a ƙasan akwati. Matata ta gan ta tana neman wani abu, ta ɗauka abin alfahari ne tunda daga Turai aka aiko mini, ta kai wa Inna. Na dawo daga aiki na tarar Inna zaune a ƙofar ɗakinta, mujallar a buɗe a cinyarta.

Ta ce, "Wa ya kai su wurinsa?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Inna."

"Kana tsaye aka yi masa wannan?"

"Ina tsaye."

Ta rufe mujallar, ta miƙo mini, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta yi mini faɗa ba, ran nan ko bayanta. Tana amsa gaisuwata, tana karɓar abin da na kawo. Amma hirar da muka saba yi da yamma, tana ba ni labarin rugarsu tana dariya, ba mu ƙara yin ta ba.

Shekara biyu bayan haka wani babban otal a Kano ya nemi ma'aikatan kanta masu jin Turanci. Na je aka gwada ni, na ci. Na yi ta cigiyar Kawu a wurin mahauta da masu fataucin dabbobi, har aka kwatanta mini wani wurin ajiye siminti na wani kamfanin gine-gine a bayan gari. Shi ne maigadin ƙofa. Na same shi a kan benci da rana tsaka, da rawaninsa, ƙurar siminti ta yi masa fari a gira. Na tuɓe takalmi na durƙusa a ƙasa. Ya amsa da fara'a, ya tambayi kowa, ya aika aka sayo mini fura. Ya ce ya sami ɗansa ɗaya yana dako a kasuwa, ɗayan an ce ya yi Legas. Muna zaune wata mota ta zo, ya tashi da sauri ya buɗe ƙofa, ya sara wa wani saurayin Bature da bai ko dube shi ba.

Na riƙa zuwa duk Juma'ar da ba ni da aiki. Sau da yawa na shirya maganar da zan yi masa a kan ranar nan, in na zauna sai ya kawo zancen farashin hatsi ko ciwon idon mahaifina, har lokacin tafiya ya yi. Sau ɗaya na fara, na ce, "Kawu, ranar da na zo da mutanen nan..." Ya ce, "Sha furarka, za ta tsinke."

Tari ya kama shi a shekararsa ta uku a wurin. Na kai shi asibiti, suka ba shi magani, ya koma bakin ƙofa don kada a ba wani gurbinsa. Wata Juma'a na zo na tarar da wani a kan bencin. Ya ce tsohon ya rasu ran Talata da hantsi, leburori suka yi masa sutura, aka binne shi kafin la'asar. Ba wanda ya san inda za a same ni. Ya shiga 'yar rumfar gadi ya ɗauko mini buta da tabarma da bargo.

Na nemi ɗansa a kasuwa na gaya masa, sannan na hau mota zuwa Daura. Inna ta saurare ni har na gama, ta yi salati, ta tambaya ko an sami mutane a jana'izar. Na ce an ce leburorin wurin duka sun tsaya, sahu uku. Ta ce to, Allah ya saka musu. Aka yi zaman makoki kwana uku a zauren mahaifina, mutanen ƙasar Baure kaɗan suka zo, don yawancin waɗanda suka san shi sun watse. A rana ta huɗu na koma Kano, saboda izinin kwana huɗu aka ba ni.